Tarihin Lamba da Yadda Aka Ga Bayan Agana

Duk wanda ya saba zama da dattawan ƙasar nan a tsakiyar bazara, lokacin da zafi kan tilasta wa mai girma ya tuɓe babbar riga ya koma gindin darbejiya da 'yar shara, ba zai rasa lura da wani ɗan tabo a damtsen mafi yawansu ba, kewayayye, mai ɗan kwarmi, wanda faɗinsa bai kai na kwabo ba. Sunan wannan tabo lamba, kuma da sunansa aka kira aikin da ya haifar da shi, aka kira ma'aikatansa masu lamba. Yau in ka ce wa yaro lamba, hankalinsa ba zai tafi ko'ina ba sai ga lambar waya ko ta mota, alhali kuwa an yi zamanin da in aka ji wannan kalma a bakin sanƙira sai ka ga unguwa ta watse, mata na jan 'ya'yansu zuwa cikin rumbu da bayan danga. Abin da ya sa na ga ya kamata a waiwayi wannan al'amari shi ne, cutar da aka yi lamba dominta ita kaɗai ce, a cikin dukan cututtukan 'yan Adam, aka taru aka kawar da ita daga doron ƙasa, kuma mutanen Afirka suna da hannu a farkon labarin da ƙarshensa fiye da yadda aka saba faɗa mana.

Cutar ita ce agana. Saboda tsananin tsoronta kakanninmu ba su cika son kama sunanta ba, sai su sakaya, wasu su ce ado, wasu su ce 'yan rani, kamar yadda har gobe ake ce wa ƙyanda baƙon dauro, domin ta'adar Bahaushe ce ya lallashi abin da ya fi ƙarfinsa da suna mai daɗi. Kiran ta 'yan rani kuwa shaida ce ta kyakkyawan lura, gama a lokacin hunturu da bazara ta fi tashi, sa'ad da iska ta bushe, aka gama aikin gona, fatake da 'yan cin rani suka bazu bisa hanya, kasuwanni suka cika. Takan shiga mutum ta numfashi, ta yi lamo kamar kwana goma sha biyu ba a san tana nan ba, sa'an nan ta buɗe da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da ciwon baya, bayan kwana biyu ko uku ƙuraje su feso a baki da fuska da hannuwa, har tafin hannu da tafin ƙafa, su cika da ruwa, ruwan ya koma mugunya, su bushe su yi ɓawo. Mai tsananinta takan kashe wajen mutum uku cikin kowane goma da ta kama, ta fi kuwa cin ƙananan yara. Wanda Allah ya yi wa sauran kwana ya tashi da zanzana a fuska har ƙarshen ransa, wani kuma ya tashi ba ido, ta yadda a dā ba a rasa masu zanzana cikin jerin makafin da ke bara a ƙofar masallacin Juma'a. Masu bori sun ba ta gurbi a cikin iskokinsu, suna kiran wani rukuni 'Ya'yan Zanzana. Yarbawa kuwa suna da abin bauta sukutum dominta, Shopona, wanda Turawan mulki suka haramta bautarsa a farkon ƙarni na 20.

Agana tsohuwar cuta ce ƙwarai. An ga alamun da suka yi kama da nata a busasshiyar gawar wani Fir'aunan Masar, Ramsis na Biyar, wanda ya mutu fiye da shekara dubu uku da suka shige. Ibn Is'haƙ, mai littafin Sira, ya ruwaito cewa a Shekarar Giwa aka fara ganin ta ita da ƙyanda a ƙasar Larabawa. Ita ce ajalin Abul Abbas as-Saffah, halifan farko na Abbasiyawa, a shekara ta 136 bayan Hijira, wato 754, kamar yadda daga baya ta zama ajalin Sarauniya Maryamu ta Biyu ta Ingila a 1694 da Sarki Luwis na 15 na Faransa a 1774, domin ba ta san ƙofar fada daban da ta bukka ba. Wanda ya fara siffanta ta a rubuce bisa tafarkin ilmi, ya rarrabe tsakaninta da ƙyanda alama bayan alama, shi ne babban malamin ɗibbun nan Abubakar Muhammadu ɗan Zakariyya ar-Razi, wanda ya shugabanci asibitin Rayyu da na Bagadaza, ya rasu wajen 925. Risalarsa a kan Judari da Hasba, sunayen cututtukan biyu ke nan da Larabci, an juya ta zuwa Latinanci, likitocin Turai suka yi ta karatunta ƙarni bayan ƙarni. Shi a fahimtarsa jini ne ke tafasa yana fitar da gurɓatarsa, yadda ruwan inabi kan yi kumfa; wannan bayani bai tabbata ba, amma siffar da ya yi wa cutar ta tabbata, kuma ba aibi ba ne ga malami ya kuskure sababi a zamanin da ba madubin da zai nuna masa shi.

Akwai wani abu guda da ba sai an je Bagadaza ba kafin a san shi, domin kowace tsohuwa a kowane ƙauye ta san shi, shi ne agana ba ta kama mutum sau biyu. Mai zanzana yakan shiga ɗakin majinyaci ya fita lafiya, shi ya sa shi ake sa wa jinya in annoba ta sauka. Daga wannan lura ne wasu masu ƙarfin zuciya, waɗanda tarihi bai riƙe sunan ko ɗayansu ba, suka yi wani ƙiyasi mai ban tsoro: tun da ba makawa sai ta zo, kuma sau ɗaya take zuwa, me zai hana a gayyato ta da gangan, a zaɓi mai sauƙinta, a lokacin da yaro ke da ƙoshin lafiya? Sai a nemi wanda cutar ta yi wa sassauci, a lakato ruwan ƙurjinsa da bakin aska ko ƙaya, a yi 'yar tsaga a hannun mai lafiya a shafa. Bayan mako guda zazzaɓi ya zo, ƙuraje kaɗan su fito, galibi ya warke, ya kuma tsira har abada. Mutanen Sin sukan niƙa busasshen ɓawon ƙurji su hura a hanci. Mutanen Hindu sukan yi tsaga. A ƙasar Sinnar ta Sudan kuwa mata sukan je gidan mai cutar su yi ciniki, kamar ana sayen haja, su ɗaura ƙyalle a hannunsa su dawo su ɗaura wa ɗansu, suna kiran abin sayen agana. Kusa da mu, Baturen nan Denham, wanda ya sauka Kukawa wurin Shehu Laminu a 1823 tare da Kilafatan, ya rubuta cewa mutanen Barno sun san wannan dabara, da tsinin wuƙa suke yin ta. A Turabulus kuma, inda ayarin Kano ke sauke fatu da hauren giwa, abin ya zama ruwan dare, har jakadan ƙasar a Landan, Ƙasim Aga, ya ba majalisar masanan Ingila bayani a 1728 cewa shi kansa an yi masa tun yana yaro, kuma cikin ɗari da aka yi wa, masu mutuwa ba su kai biyu ba, alhali cikin ɗari da ta kama da kanta akan rasa wajen talatin.

A nan ba zan wuce ba sai na ambaci Fulani, domin su ma sun kai ga irin wannan hikima a kan dukiyarsu. In ciwon huhu ya faɗa wa garke, makiyaya a sassa da yawa na Afirka ta Yamma sukan yanki ɗan huhun saniyar da ta mutu, su tsaga fatar karan hancin mai lafiya su cusa, wurin ya kumbura ya warke, saniya ta tsira. Wani lokaci tabon yakan tsiro da wani abu mai tauri kamar ƙaho, har wani masanin dabbobi Bafaranshe mai suna Rochebrune, da ya ga irin waɗannan shanu a yankin Sanagal a ƙarni na 19, ya ɗauka wani sabon jinsi ya gano mai ƙaho uku, ya raɗa masa suna a littafi. Makiyayin da ya yi tsagar bai san an yi ba.

Hanyar da wannan ilmi ya bi ya isa ƙasashen Turawa biyu ce, kuma dukansu abin lura ne ga mai tunani. Ta farko ta Istambul ce: Uwargida Mary Montagu, matar jakadan Ingila a fadar Sarkin Musulmin Usmaniyya, wadda agana ta kashe ɗan'uwanta ta kuma ɓata mata fuska, ta ga tsofaffin mata suna yawo gida gida da ruwan ƙurji a ɓawon gyaɗar ƙasarsu, ta sa aka yi wa ɗanta a 1718, da ta koma Landan kuma ta sa aka yi wa 'yarta a 1721 a gaban likitocin fada. Ta biyu ta jirgin bayi ce. A 1706 jama'ar wani coci a birnin Boston na Amurka suka sayi wani bawa ɗan Afirka suka ba limaminsu, Cotton Mather, kyauta, shi kuwa ya sa masa suna Onesimus. Sunan da uwarsa ta raɗa masa ya ɓace tare da garinsu. Wata rana ubangidan ya tambaye shi ko ya taɓa yin agana, sai ya nuna masa tabo a hannu, ya bayyana masa yadda ake yi a ƙasarsu. Da annoba ta faɗa wa Boston a 1721, garin da mutanensa ba su fi dubu goma sha ɗaya ba, Mather ya roƙi likitoci su jarraba, duk suka ƙi sai ɗaya, Zabdiel Boylston, wanda ya fara da ɗan cikinsa. Gari ya ɗauki zafi, ana cewa yaya za a karɓi magani daga bakin bawa, ana cewa wannan shisshigi ne cikin hukuncin Ubangiji, har wani ya jefa bom ta tagar gidan Mather, Allah ya sa bai tashi ba. Amma da ƙura ta lafa aka yi lissafi, sai aka ga kusan mutum dubu shida cutar ta kama da kanta, 844 suka mutu, wato wajen ɗaya cikin bakwai, alhali cikin mutum 240 da 'yan kai da Boylston ya yi wa tsaga shida kaɗai aka rasa. Wannan yana cikin karo na farko da aka yanke gardamar magani da alƙalamin lissafi.

To, mene ne sirrin abin? Waɗanda suka yi tsagar ba su sani ba, sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka fara yaye labulen, lokacin da wani masani, Metchnikoff, ya ga a 1882 yadda wasu ƙwayoyin jiki ke taruwa su haɗiye baƙon abu, Behring da Kitasato kuma suka nuna a 1890 cewa ruwan jinin dabbar da ta warke yana ɗauke da abin da ke karya dafin cutar. Abin da ya tabbata bayan haka, in za a kusanto da shi ga hankali, shi ne Allah ya gina jikin mutum kamar birnin dā. Fata ita ce ganuwa. Hanci da baki da ido su ne ƙofofi, majina da yawu da hawaye kuwa su ne masu tsaron ƙofa. In baƙo ya haura, akwai dogarai cikin fararen ƙwayoyin jini waɗanda ba su tambayar suna, duk wanda ba ɗan gari ba sai su rufe shi da kokawa. Kumburi da zafi da ja alamun wannan artabu ne, mugunya kuwa galibinta gawarwakin dogaran ne. Amma akwai wata runduna ta biyu, mai nawa, mai basira, wadda sai an kai mata siffar abokin gaba a barikinta, ta zaɓo 'yan ƙalilan daga cikinta waɗanda makaminsu ya dace da shi kamar yadda mabuɗi ke dacewa da kwado, su hayayyafa su zama dubbai, wasu su ƙera makaman da ke yawo cikin jini suna liƙe wa cutar, wasu su bi ɗakunan da ta ɓuya su rushe. Kaluluwar da kan fito wa mutum a hammata ko a matsematsi sa'ad da ya yi rauni, barikin nan ne ya cika da mayaƙa. Aibin wannan runduna guda ne, shirinta yakan ci mako ɗaya ko biyu, cuta irin agana kuwa takan cinye gari kafin nan. Falalarta kuma guda ce, ba ta mantuwa: bayan yaƙi takan bar wasu tsofaffin barade su zauna shekaru masu yawa riƙe da siffar maƙiyin, in ya sake leƙowa a gama da shi tun kafin mai jikin ya ji ko ciwon kai. Abin da muke kira garkuwar jiki ke nan, kuma dukan rigakafi, tun daga askar wanzami har zuwa allurar asibiti, dabara ce ta nuna wa rundunar nan fuskar maƙiyi kafin ranar yaƙi.

Sai dai tsohuwar tsaga tana da illa biyu da ba su ɓoyuwa. Cutar gaske ake sa wa mutum, saboda haka ɗaya ko biyu cikin ɗari sukan mutu. Wanda aka yi wa kuma yana iya harbin maƙwabcinsa da cikakkiyar agana, ta yadda mai neman tsirar gidansa kan zama sanadin annobar gari. Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Edward Jenner, likitan karkara a garin Berkeley na Ingila, wanda shi kansa an yi masa tsagar yana yaro ya sha wuya. Ya ji masu tatsar nono suna cewa duk wadda ta ɗauki wasu ƙuraje marasa haɗari daga hantsar saniya, agana ba ta kama ta. Wani manomi ma, Benjamin Jesty, ya riga ya jarraba wa iyalinsa tun 1774. Ran 14 ga Mayu 1796 Jenner ya ɗebi ruwan irin wannan ƙurji daga hannun wata mai tatsa, Sarah Nelmes, ya tsaga wa wani yaro ɗan shekara takwas, James Phipps. Bayan makonni ya sa masa agana ta ainihi, ba ta kama ba. Ya buga bayaninsa a 1798. Hikimar ita ce cutar shanun 'yar'uwar agana ce, kamanninsu ɗaya a idon rundunar jiki, amma ba ta da kisa, ba ta kuma bin iska. Daga kalmar saniya a Latinanci aka ciro sunan da Turawa ke kiran rigakafi da shi har yau, bayan da masanin nan Pasteur ya ba da shawara a 1881 a yalwata sunan ga dukan irinsa don girmama Jenner. Ingila ta haramta tsohuwar tsaga a 1840.

Mas'alar da ta tashi a Boston ta tashi a ƙasashen Musulmi ma, ta kuma tashi a nan, wato ko neman tsari daga cutar da ba ta zo ba yana warware tawakkali. Amma malamanmu ba su rasa abin da za su kafa hujja da shi ba, domin a shekara ta 18 bayan Hijira, lokacin annobar Amwas, Sayyidina Umar ya nufi Sham, da ya isa Sarga aka gaya masa waba'i ya sauka, ya yi shawara da Muhajirai da Ansar, ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya amsa masa da cewa juyawar ma cikin ƙaddara take, ya buga masa misali da makiyayin da ya sami kwari mai gefe biyu, ɗaya mai dausayi ɗaya ƙeƙasasshe; sa'an nan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga garin annoba da fita daga cikinsa. Riƙo da sababi ba baƙo ba ne a gidan Shehu ma, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai a kan ɗibbu, har da risala a kan maganin basur. Bahaushe kuwa ya taƙaita babin duka da cewa rigakafi ya fi magani.

Saboda haka ni ban yarda da masu cewa jahilci ne tsantsa ya sa talakawa suka riƙa gudun masu lamba a zamanin En'e ba. A duba yadda abin ya zo musu. Ruwan lamba na wancan lokaci, wanda ake samu daga fatar maraƙi ko tunkiya, ba ya jure zafi. A ɗauko shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, a sa shi a jirgin ƙasa zuwa Kano, a ɗora wa ɗan dako ko a rataya a sirdi zuwa ƙauye a watan bazara, kafin ya isa sau da yawa ya mutu, ko da yake daga baya an fara haɗa shi a Yaba. Sai a tsaga wa yaro, lamba ba ta kama ba, baɗi agana ta zo ta ɗauke shi, uwar kuwa tana da ido. In ta kama, wani lokaci wurin ya rikiɗe ya zama gyambo saboda ƙazantar wuƙa. Bayan wannan kuma mai lamba ba shi kaɗai yake zuwa ba, da dogari yake tafe da littafi, a zamanin da duk wanda ya zo rubuta sunayen mutane haraji ko jangali ko aikin tilas ke biye da shi. Wata tsohuwa a gidanmu, Allah ya jiƙanta, takan ba mu labarin yadda suka wuni cikin rumbun dawa ita da ƙannenta, da yadda in an kama yaro aka yi masa, uwar kan ruga da shi bayan ɗaki ta goge wurin da lemun tsami da toka don kada ya tashi. Tana faɗa tana dariya, amma a fuskar yayarta akwai zanzana.

Abin da ya juya al'amarin shi ne gyaran maganin kansa. A farkon shekarun 1950 wani masani a Ingila, Leslie Collier, ya kyautata hanyar daskarar da ruwan lamba a busar da shi ya zama gari, wanda zai yi wata guda cikin zafi irin namu bai lalace ba, sai an zo aiki a jiƙa. A 1958 wakilin Tarayyar Sobiyat, Viktor Zhdanov, ya kawo wa Hukumar Lafiya ta Duniya shawarar a kawar da cutar ɗungurungum. Aka amince a 1959, amma aikin ya yi ta jan ƙafa har 1967, lokacin da aka ɗaura ɗamara ta gaske a ƙarƙashin Dokta Henderson. A wannan shekara agana na zaune daram a ƙasashe 31, tana kama mutum miliyan goma zuwa goma sha biyar, tana kashe wajen miliyan biyu. Ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Cadi, aka haɗa su cikin shiri ɗaya da taimakon Amurka, ana yin lamba tare da allurar ƙyanda. Kayan aikin wata na'ura ce da jama'a suka kira bindiga, ba ta da allura, da ƙafa ake taka ta ta harba maganin cikin fata, mutum ɗaya ya yi wa ɗaruruwa cikin sa'a guda. Daga baya aka zo da 'yar allura mai baki biyu, wadda ke riƙe ɗigo ɗaya tsakanin ƙahonninta, a soka sau goma sha biyar, wadda ko wanda bai yi makaranta ba zai koya cikin 'yan mintoci. A ƙasar Hausa umarni ya bi tsohuwar hanyarsa, daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, aka yi shela, aka jeru a ƙofar fada da bakin kasuwa da tashar mota. Jikokin waɗanda suka ɓuya a rumbu suka miƙa damtse, domin a wannan karo sun ga lamba tana kamawa, sun kuma ga wanda ta kama yana kwana ɗaki ɗaya da mai agana ya tashi lafiya.

Dabarar da ta ƙarasa aikin a duniya duka kuwa a Nijeriya aka gwada ta, kuma rashi ne ya haife ta. A watan Disamba 1966 aka sami ɓullar agana a lardin Ogoja, maganin da ke hannun wani likita Ba'amurke, William Foege, bai isa a yi wa kowa ba. Sai ya nemi 'yan mishan da ke da rediyon sadarwa su aika 'yan saƙo ƙauye ƙauye a gano duk inda mai cutar yake, ya yi wa mutanen gidansa da maƙwabtansa lamba, sa'an nan ya bi sawun inda danginsu ke zuwa da kasuwannin da suke ci ya toshe. Annobar ta mutu alhali mafi yawan jama'ar yankin ba a taɓa su ba. Duk manomin da ya taɓa share ƙasa kewaye da gobarar daji don ta rasa abin ci ya san wannan hikima. Ta yiwu ne saboda agana ba ta da maɓoya: ba ta zama jikin dabba ko sauro ko ruwa, sai mutum, kuma wanda ta kama fuskarsa kan tona shi. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, aikin bai tsaya ba. A ƙarshen 1969 aka yi bikin lamba ta miliyan ɗari a ƙasar Nijar, kusa da Yamai, a tsakiyar 1970 kuma aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, wanda shi ne na ƙarshe a yankin baki ɗaya, shekaru kafin Hindu da Bangaladash su kai ga haka.

Mutum na ƙarshe da agana ta kama ta hanyar yaɗuwarta ta asali shi ne Ali Maow Maalin, wani saurayi mai dafa abinci a asibitin garin Marka na Somaliya, wanda ya zille wa lamba don tsoron zafinta, ya shiga mota na 'yan mintoci don nuna wa direba hanya, a cikinta kuwa akwai yara biyu masu cutar. Ƙuraje suka fito masa ran 26 ga Oktoba 1977, ya warke. A shekara mai biye cutar ta kuɓuce daga wani ɗakin bincike a Birmingham ta kashe wata ma'aikaciya, Janet Parker. Ran 8 ga Mayu 1980 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya shelanta cewa agana ta ƙare. Abin da ya rage na ƙwayarta yana kulle a ɗakuna biyu, ɗaya a Atlanta ta Amurka, ɗaya a Koltsobo ta Rasha, ana ta muhawara a kan ko a ƙone shi. Ali kuwa ya ƙare rayuwarsa yana yawo gari gari cikin masu ɗiga wa yara maganin shan inna, yana ba iyaye labarin kansa, har zazzaɓin cizon sauro ya yi ajalinsa a 2013 yana bakin aikin.

Bayan shelar nan ta 1980 aka daina lamba, aka daina tambayar alhazai shaidarta a katin tafiya. Tabon da ake gani a hannun yaran yau na rigakafin tarin fuka ne da ake yi wa jarirai, kuma ya fi wancan ƙanƙanta. Kwanan baya wani ɗalibin likitanci cikin 'ya'yan maƙwabtana ya zo gaishe ni, muna zaune wani tsoho mai zanzana ya wuce, sai yaron ya bi shi da kallo, ya juyo ya tambaye ni ko ƙuna ce.